Daga Madatsar Mozage Zuwa Digirin Masta: Wa Zai Riƙe Ayyukan Ƙasar Ƙwanni?

A shekarun nan, idan yaro ya kammala lisansi a Yamai ko Tawa ko Maraɗi, ya yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba, shawarar da ya fi kawo wa iyayensa ita ce a biya masa masta a fannin tsara manyan ayyuka da tafiyar da su, abin da muke kira karatun furoje. Makarantu masu zaman kansu sun cika da shi, wasu da rana, wasu da dare, wasu ta intanet. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Akwai gidan da sai an sayar da sa, ko an jinginar da gona, kafin a biya na shekara ta farko. Shi ya sa iyaye suke zuwa wurinmu malamai suna tambaya: Malam, wannan karatu yana da amfani kuwa?

Ni ba injiniya ba ne. Malamin makaranta ne da ya fito makarantar horon malamai, kuma amsar da nake da ita daga tarihin ƙasarmu na samo ta. Ƙwanni da Malbaza da Illela sun ga manyan ayyuka tun kusan shekara 60 da suka wuce: masana'anta, madatsun ruwa, hanyoyin kwalta, wutar lantarki. Wanda ya bi tarihinsu zai lura da abu guda. Duk lokacin da kuɗi ya samu, gini ba ya gagara. Abin da muka daɗe muna ƙarancinsa shi ne mutumin da ya haɗa abu uku: yana da sana'a a hannu, ya san wurin da mutanensa, kuma yana nan bayan an gama bikin buɗewa baƙi sun koma. Da wannan ma'auni ya kamata mu auna kowace masta.

Kafin zuwan takarda

Tsara babban aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sunan garinmu ma shaida ne, don ba a kiran gari birni sai yana da ganuwa. A biranen Hausa, gyaran ganuwa aiki ne na bayan damina: a raba wa kowace unguwa ko ƙauye nasa ɓangare, sarkin magina ya duba, a san mai kawo ƙasa, a san mai kawo ruwa, a san ranar gamawa. Haka gayya take a gona. Wanda ya kira gayya ya san yawan mutanen da zai ciyar, ya san faɗin gonar da za a nome kafin azahar. Masu wannan aiki ba su da satifiket, amma su ne masu amfani da abin da suka gina, saboda haka gyara bai taɓa zama aikin wani ba.

A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙwanni, ta kashe mutane masu yawa, ta ƙone garin. Bayan haka aikin jama'a ya sauya kama. Hanya da bariki da gidan kwamanda duk da aikin tilas aka yi su. Bature ne ke zanawa, sarki ya tara mutane, talaka ya ɗauki kwando. Ba a soke aikin tilas ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny. A wannan shekara ce kuma Faransa ta kafa asusun FIDES don zuba kuɗi a ayyukan raya ƙasashen da take mulka. Daga nan muka gaji ɗabi'ar da har yau take damunmu: aikin gwamnati na masu shi ne, mu dai lebura ne ko ƴan kallo.

Masana'antar Malbaza da ƙarancin ma'aikata

Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai 5 cikin 100 ba, kuma babu jami'a ko ɗaya a ƙasar. Shugabannin farko da yawansu malaman makaranta ne, wasu sun yi karatu a William Ponty ta Senegal, kamar Diori Hamani. A wannan hali aka gina masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta soma aiki a 1966 saboda dutsen farar ƙasa da ke wurin. Ƙarfinta kimanin tan dubu 40 ne a shekara. Ga ƙasar da ba ta da gaɓar teku wannan babban abu ne, amma zane da injuna da manyan ma'aikata daga waje suka zo.

Gwamnatocin lokacin sun san da wannan giɓi, sai suka haɗa kai suka kafa makarantun haɗin gwiwa. A 1968 aka kafa makarantar EIER a Wagadugu don horar da injiniyoyin ayyukan karkara, masu zana madatsa da hanyoyin ruwa. Ita ce ta zama 2iE a 2006. A Kollo akwai makarantar IPDR mai fitar da malaman gona da masu kula da ayyukan karkara. Jami'ar Yamai ta soma a matsayin cibiya a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. Makarantar EMIG ta ma'adinai da masana'antu kuwa sai a 1990 ta karɓi ɗalibai. A duk waɗannan wurare, ba a koyar da tafiyar da aiki shi kaɗai. Mutum yana koyon ruwa ko ƙasa ko inji, sannan a cikin karatun a koya masa lissafin kuɗi da lokaci da kula da ma'aikata.

Barajin Ƙwanni, sa'ana

Farin 1973 da 1974 ya girgiza Sahel, ya kuma taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Diori a watan Afrilu na 1974. Gwamnatin Seyni Kountché ta sa ciyar da ƙasa a gaba, ga kuma kuɗin yuraniyom ya shigo. A wannan zamani aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, aka kafa hukumar ONAHA a 1978 don kula da filayen noman rani, aka kuma gina filin noman rani na Ƙwanni a matakai biyu, tsakanin 1976 da 1982. Ni da wannan fili kusan sa'o'i ne, tare muka girma.

Yana da kyau iyaye su fahimci yadda aka tsara shi, don darasin yana nan. Majiya kwari ne da ke tasowa daga duwatsun Adar ta wajen Buza, ya ratsa ƙasar Malbaza da Tsarnawa, ya wuce Ƙwanni, ya ƙare a tafkin Kalmalo cikin Najeriya. Ruwansa na damina ne kawai. Sai aka tare shi da madatsu biyu: Mozage, wadda aka tsara ta riƙe mita kubik miliyan 30, da Zango. Daga Zango babbar hanyar ruwa mai tsawon kilomita 15 ta kawo shi ma'ajiyar Cerasa, daga nan a raba shi ga gonaki hekta 2,452 ba tare da famfo ba, gangara ce ke tura shi. Da damina a noma dawa da gero da auduga, da rani alkama da albasa da masara da kayan lambu. A fannin zane, aikin ya yi kyau.

Amma ruwan Majiya ba ya zuwa shi kaɗai. Yana ɗauko yashi da laka daga tsaunukan da aka sare wa itatuwa, ya sauke su a cikin madatsa. Kowace damina cikin madatsar yana raguwa. Hanyoyin ruwa na siminti suna tsagewa, ƙofofin ƙarfe suna tsatsa, magudanan da ke fitar da rarar ruwa suna toshewa. Duk wannan yana bukatar kuɗin gyara na kowace shekara da mutumin da zai tsaya a kai. A taron Damagaram na 1982 aka yanke shawarar miƙa tafiyar da filayen noman rani ga ƙungiyoyin manoma. Manufar mai kyau ce, amma ta zo daidai lokacin da farashin yuraniyom ya faɗi, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Aka bar manoma da kuɗin ruwan da suke tarawa, wanda ba ya isar babban gyara. Sannu a hankali filin da ake iya shayarwa da rani ya ragu sosai, har manomi mai fili a ƙarshen hanyar ruwa ya riƙa kallon na sama yana ban ruwa shi nasa ya bushe.

Maƙwabtanmu na tudu sun kama matsalar daga tushenta. Tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya ta wajen Buza don kare gonaki daga iska. Daga 1984 aikin Kaita, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ya shiga gyaran fako da tsaunuka da jeren duwatsu da ƙananan madatsu, kuma mata ne suka fi yawa a masu aikin. Wanda ya haɗa labarin Kaita da na Mozage zai gane cewa ran madatsa yana kan tudun da ke bayanta. Mai tsara aikin da bai taka wannan tudu da ƙafarsa ba, ba zai sa shi a lissafi ba.

Daga ina karatun furoje ya fito?

Shi wannan fanni a masana'antu da aikin soja aka haife shi. Wajen 1910 wani Ba'amurke mai suna Henry Gantt ya yaɗa jadawalin da ke nuna kowane ɓangaren aiki da layi, daga ranar somawa zuwa ranar gamawa. A 1957 kamfanin DuPont ya fito da dabarar gano jerin ayyukan da ba su ɗaukar jinkiri, a 1958 kuma sojojin ruwan Amurka suka fito da tsarin PERT don ƙera makami mai linzami na Polaris. A 1969 aka kafa cibiyar PMI a Amurka, mai ba da shaidar ƙwarewa ta PMP tun 1984.

Kada sunayen su tsoratar da mu. Duk daraktan makarantar da ya taɓa gina aji ya san abin. Fenti da yin tebura za su iya jira, amma tushe da bango da rufi jere suke, kwana ɗaya da aka rasa a tushe kwana ɗaya ne aka rasa a rufi, kuma idan ruwan Yuni ya riski ɗaki babu kwano, an yi asara. Ilimin ya kasu biyu. Akwai tsara aiki: binciken ko zai yiwu, auna wuri, ƙiyasta kuɗi, hango abin da zai iya ɓaci, rubuta sharuɗɗan kwangila. Akwai kuma tafiyar da shi: riƙe lokaci da kuɗi da inganci, uku ɗin da in ka ja ɗaya sauran biyu su motsa.

Mu kuwa ta wata ƙofa fannin ya shigo mana. A 1969 aka shirya wa hukumar USAID wani jadawali mai haɗa manufa da sakamako da ayyuka da alamomin aunawa. Masu ba da tallafi na Jamus da Tarayyar Turai da sauransu suka ɗauka, ya zama harshen da ake neman kuɗi da shi. Bayan taron ƙasa na 1991 da karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata, albashi ya riƙa yin wata da watanni bai zo ba, ƙungiyoyi masu zaman kansu kuma suka yawaita. Mu da muka tashi a lokacin mun ga yadda farar mota mai tambari a ƙofa ta maye gurbin ofishin gwamnati a mafarkin ɗalibi. Kalmar furoje ta daina nufin aikin da za a yi, ta koma nufin wurin da ake biyan albashi mai kauri.

Sai kuma tsarin jami'a ya sauya. Bayan umarnin ƙungiyar UEMOA na 2007, ƙasashenmu suka koma tsarin lisansi shekara 3, masta shekara 2, dakta shekara 3. A 2010 Tawa da Maraɗi da Damagaram suka samu jami'o'insu, ta Tawa yanzu tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar. Masu lisansi suka yi yawa, aiki bai ƙaru daidai da su ba. Masta a kan furoje ba ta bukatar ɗakin gwaji ko injuna, aji da allo da malami sun isa a buɗe ta. Wannan ne dalilin yawanta, kuma shi ne dalilin da ya sa ingancinta ya bambanta daga wannan makaranta zuwa waccan.

Zagaye na biyu

A shekarun baya-bayan nan manyan ayyuka sun dawo ƙasarmu. A ƙarshen 2018 sabuwar masana'antar siminti ta Malbaza ta soma aiki da ƙarfin tan dubu 650 a shekara, fiye da ninki 15 na tsohuwar. A watan Nuwamba na wannan shekara aka buɗe tashar wutar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza, da bashin Indiya, ita ce ta farko irinta a Nijar. Bututun man fetur daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda aka soma a 2019, ya ratsa jihar Tawa.

Wanda ya fi shafar manomi shi ne gyaran filin noman rani na Ƙwanni. A watan Yuli na 2016 Nijar da hukumar MCC ta Amurka suka sa hannu kan yarjejeniyar dala miliyan 437, ta soma aiki a watan Janairu na 2018, kuma gyaran Ƙwanni na cikin manyan ayyukanta. Ƙa'idar wannan hukuma ita ce shekara 5, kuɗin da ba a kashe ba a lokacin ya koma. A nan aka ga amfanin ilimin tafiyar da aiki a fili. Ba a gyara hanyar ruwa ruwa na gudu a cikinta, saboda haka dole a tsayar da noman rani a wani ɓangare, a ƙidaya manoman da abin ya shafa, a biya su diyya, a tantance wane ne mai fili wane ne ɗan haya, a gama kafin damina, a kuma kafa ƙungiyar masu amfani da ruwa da za ta riƙe gyara. Rabin wannan aiki na siminti ne, rabi na mutane ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ɗan Ƙwanni da ya karanci ruwa ko gona ko shari'ar filaye, ya ƙara da ilimin tsara aiki, ya fi kowane baƙo dacewa da shi.

Amma tarihi ya sake nuna mana ɗaya fuskar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 masu ba da tallafi da yawa sun dakatar da ayyukansu a Nijar. A 2025 Amurka ta rufe USAID, hukumar da aka ƙirƙiro jadawalin nan dominta. Matasan da iliminsu gaba ɗaya cike takardun masu tallafi ne sun wayi gari babu wanda za su cike wa. Kayan aro ba ya rufe katara. Madatsar Mozage kuwa tana nan, yashi na ci gaba da shiga cikinta ko da tallafi ko babu.

Abin da nake faɗa wa iyaye

Idan ɗanka ko ɗiyarka ta kawo maganar wannan masta, kada ka ce a'a, kada kuma ka yi saurin kai sa kasuwa. Ka soma da tambayar me yaron ya iya. Masta kan furoje kamar rufi take, sai da bango. Wanda ya karanci gini, ruwa, lantarki, gona, lafiya, lissafin kuɗi ko koyarwa, ita za ta ɗaga shi daga mai aiwatarwa zuwa mai jagoranci. Wanda ba shi da komai a ƙasa, zai fito ya iya sunayen abubuwa bai iya abubuwan ba.

Na biyu, ka tambayi ko ya taɓa aiki. Shekara biyu a wurin gini, a asibiti, a ƙungiyar manoman albasa ta Galmi ko a ofishin magajin gari, suna sa darasin aji ya zauna. Da yawa daga cikin waɗanda suka ci moriyar wannan karatu suna aiki ne suka koma.

Na uku, ka bincika takardar. Shin ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da makarantar da kuma wannan fanni nata? Shin hukumar CAMES, wadda aka yanke shawarar kafa ta a Yamai a 1968 don daidaita digirorin ƙasashenmu, ta san da shi? Su wane ne malaman, kuma wane aiki suka taɓa kaiwa ƙarshe? Akwai zuwa koyon aiki a fili na watanni, ko kuwa rubutu ne kawai? Ina ɗaliban da suka fita shekara uku baya suke yanzu? Makarantar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi.

Na huɗu, ka ƙarfafa masa ya yi bincikensa na ƙarshe a kan gida. Nawa ake bukata kowace shekara don gyaran hanyoyin ruwan Ƙwanni, kuma nawa manoma ke iya tarawa? Ta yaya za a rage yashin da ke shiga Mozage da Zango? Me ya sa famfon ƙauye ke mutuwa bayan shekaru kaɗan a ƙasar Illela? Yaya za a adana albasa har farashi ya tashi? Wanda ya amsa ɗaya daga cikin waɗannan da lissafi mai kyau ya riga ya samu abin nunawa, ko a gaban magajin gari, ko ɗan kasuwa, ko banki.

Nauyin da ke kanmu malamai

Ƴan'uwana malamai, wannan ilimi ba a masta yake somawa ba. Yana somawa ranar da muka bai wa ƴan aji shida lambun makaranta muka ce su ƙiyasta iri da taki da ruwa, su rubuta wa zai yi ban ruwa ranar Asabar, su lissafa riba bayan girbi. Yana cikin darasin lissafi idan muka ce su auna bulo nawa katangar makaranta za ta ci. Yana cikin darasin sanin ƙasa idan muka kai su bakin madatsa da rani suka ga lakar da ta taru da idonsu. Kwamitin iyaye da malamai da ke tafiyar da makaranta shi ma ƙaramin furoje ne: in muka riƙe littafin kuɗinsa a buɗe, muka ware na gyaran tebura kafin na biki, yara suna gani suna koya.

Filin noman rani na Ƙwanni ya jira kusan shekara 40 kafin babban gyara ya zo masa daga waje. Babu wanda ya yi mana alkawarin zagaye na uku. Yaran da ke zaune a azuzuwanmu yau su ne za su tarar da shi lokacin da simintin zai sake tsagewa. Idan karatun da muke biya musu zai sa su iya auna tsagar, su ƙiyasta kuɗinta, su tara manoma su shawo kansu, su gyara kafin ruwa ya sauka, to kuɗin sa da na gona bai tafi a banza ba. In kuwa takarda ce kawai ta jiran farar mota, gara a bar san a turkensa.